Yadda Ake Kwantar da Likitan da Ya Gama Jarrabawa

An kaɗa ƙararrawar ƙarshe, ka fito. Shekara shida ka yi a Khartum ko Alƙahira, ka dawo gida, ka zauna jarrabawar da hukumar MDCN ke yi wa wanda ya karanto likitanci a ƙasar waje kafin ta yarje masa ya taɓa majiyyaci a Najeriya. Ka yi ta kwamfuta, ka yi ta hotuna, ka yi oski. Saura sakamako, shi kuwa ba a hannunka yake ba. Abin da ke hannunka wani majiyyaci ne da aka yi watanni ba a leƙa shi ba, ga shi nan sanye da rigarka. Zan nuna maka yadda ake kwantar da shi. Bi ni sannu a hankali, don na san an koya maka jijiyoyi goma sha biyu da ke fitowa daga ƙwaƙwalwa, kowace da sunanta da aikinta, amma ba a taɓa ware maka lacca guda a kan zama ba.

Da zaman za mu fara. Kayan aiki biyu ne: tabarma da bango. Shimfiɗa tabarmar a inuwa, ta yadda tsakaninka da littafin likitanci na Davidson akwai aƙalla ƙofa biyu a rufe. Lanƙwasa gwiwoyi har mazaunai su iske ƙasa, sannan ka miƙa wa bango bayanka gaba ɗaya, zai iya ɗauka. Bayan kamar minti biyar za ka ji jikinka ya zabura yana neman tabarma ta gaba. Kada ka tsorata. Watanni ka yi kana atisayen oski, tsarin da Ronald Harden da abokan aikinsa na Dandi a ƙasar Sikotland suka bayyana a 1975, inda ɗalibi ke zagaya tashoshi, kowace da 'yan mintocinta, ƙararrawa na kora shi gaba. A gidanku babu tasha ta biyu. Ƙarar da ka ji ta ɗan garuwa ce. Koma ka zauna.

Hannuwa kuma a ɗora su bisa cinya. Idan ka ga yatsu biyu na dama sun lallaɓa zuwa wuyan hannun hagu suna ƙirga bugun jini, bar su su gama. In lissafin ya faɗa tsakanin 60 da 100 a minti, an sallame ka sai gobe.

Sai barci, kuma nan ne aikin yake. Duk sa'ar da mutum ya yi idonsa biyu, wani sinadari mai suna adenosin yana taruwa a ƙwaƙwalwa, shi ne ke jawo nauyin ido. Sinadarin kafin da ke cikin goro da shayi da Nescafé na teburin mai shayi ba ya kwashe wannan sinadari, toshe masa ƙofa kawai yake yi, kamar mai gida ya ce a gaya wa mai bin bashi ba ya nan. Mai bashin bai tafi ba, yana zaure. Kuma jiki yakan ɗauki wajen awa biyar kafin ya fitar da rabin kafin ɗin da ka sha, wato goron da ka ɓantara bayan La'asar rabinsa yana nan yana sintiri lokacin da ka kwanta bayan Isha'i. Saboda haka a rage, da kaɗan-kaɗan, kuma daga Azahar a rufe shago. Ciwon kai zai iya zuwa a kwana na biyu. Ba sanƙarau ba ne, ba ƙari ba ne a ƙwaƙwalwa, ko da yake na san ka haddace alamomin duka biyun. Kewar goro ce, 'yan kwanaki take yi ta wuce.

Baligi yana bukatar aƙalla awa bakwai a dare. Barci zagaye-zagaye yake zuwa, kowane zagaye kimanin minti 90, huɗu ko biyar kafin asuba. Kada ka ce za ka biya bashin wata shida a dare ɗaya. Tsarin adashi ake bi: zubi kaɗan, kullum, a kan lokaci ɗaya. Da rana a ƙara da ƙailula ta minti 20 zuwa 30. Kakanka ya riga ka sanin wannan magani, ba tare da ya biya kuɗin makaranta ba. Game da yadda ake yi: ana kwanciya a gefen dama, a rufe ido biyun a lokaci guda, a bar su a rufe.

Wajen ƙarfe uku na dare wata tambaya za ta tashe ka, wadda ka zaɓi amsa ta biyu alhali ta uku tana kallonka. Wannan ma sananne ne. A 1927, a Balin, Bluma Zeigarnik ta nuna cewa aikin da aka katse bai kammala ba ya fi wanda aka gama maƙalewa a zuciya. Ƙwaƙwalwarka tana ɗaukar jarrabawar a matsayin majiyyacin da ba a rufe fayil ɗinsa ba. Ɗauki takarda ka rubuta tambayar sau ɗaya, ka ninke, ka sa ƙarƙashin tabarma. Kada ka tashi neman littafi. Ko ka gano amsar, babu inda za ka kai ta, bakin alƙalami ya bushe.

Waya kuwa a ɗauke ta a matsayin magani mai ƙarfi: sau ɗaya a rana, bayan cin abinci. Zauren WhatsApp na 'yan ajinku, inda ake tono tambayoyi ɗaya bayan ɗaya ana musu a kansu har tsakar dare, a kashe masa sauti. Shafin sakamako kuma, ko sau ɗari ka ja shi da babban yatsa, babu igiyar da ta haɗa yatsan nan da teburin masu ba da maki.

To da me za a cika yinin? Kate Sweeny ta Jami'ar Kalifoniya da ke Riverside ta bibiyi masu karatun lauya da ke jiran sakamakon jarrabawarsu na tsawon watanni, ta ga waɗanda suka dulmiya cikin wani aiki har suka manta agogo sun fi samun sauƙin jiran. Kallon rufin ɗaki ba ya cikin irin wannan aiki. Dara tana ciki, da ƙwallon yamma a filin unguwa, da tilawa, da gyaran keken ƙaninka. Ni na fi son taya Inna ɓarar gyaɗa, don hannu na aiki, baki na hira, kuma ita ta yi shekara shida tana jiran wannan hirar.

'Yan uwa za su zo. Kowa zai ce, "Dokta, ya jarrabawa?" Amsar guda ce, ka riƙe ta: "Alhamdu lillahi, muna jira, a sa mu a addu'a." Ba a ƙara bayani a kan tasha ta bakwai. Goggo za ta miƙo maka gwiwarta, Kawu zai zaro takardun awon jini daga aljihun babbar riga. Saurare su da kyau, ka ce, "Goggo, gobe ni zan raka ki asibiti." Lasisi bai zo ba tukuna, rakiya kuwa ba ta bukatar lasisi.

Akwai iyaka ɗaya da nake so ka kiyaye. In aka yi mako biyu barci ya ƙi, abinci ya fita ranka, abin da ke faranta maka a da ya daina, to ka je ka ga likita, wani daban, ba wanda kake gani a madubi ba. Ka san wannan ma'auni na mako biyu, ka amsa shi a jarrabawa. Kai ma yana aiki a kanka.

Idan sakamako ya zo ba yadda aka so ba, ana sake zama jarrabawar, kuma wanda ya huta ne zai iya sake buɗe littafi. Idan ya zo da kyau, wata goma sha biyu na aikin horo suna jiranka, wata uku-uku a sashen manya, da tiyata, da yara, da mata da haihuwa, da kwanan asibiti a ciki. Ta kowace hanya aka bi, waɗannan kwanaki ne kaɗai ke gare ka.

Saura abinci. Za a kawo tuwo da miyar kuka bayan Magariba. A zaune ake ci, da hannun dama, babu takarda a gefen kwano. Ana tauna kowace loma kafin a kai ta gaba. Idan Inna ta ɗago murfi ta ce a ƙara, ka turo kwanon.