A Gaida Nasara, Gwanin Zaɓen Iska

Duk mutumin Gure da ya san zafin bazara, lokacin da tabarma kanta take ƙuna, ya kamata ya tara 'yan jikkunansa ya leƙa Jos, ya ga yadda masu hankali suke zaɓen wurin zama. Hanyar ba ɓoyayya ba ce: Damagaram, Daura, Kano, daga nan mota ta yi ta hawa har tudun da ya kai mita 1,200 bisa teku. Mu ma muna da duwatsunmu, ga Kutus ga Muniyo, amma Nasaran Faransi bai ga wurin hutawa a cikinsu ba. Nasa wuraren shan iskar ya kai su Dalaba ta Futa Jalo a ƙasar Gine, da Cang ta Kamaru. Mu kuwa ya bar mana kumanda da haraji da aikin dole har 1946, wanda shi ma wata irin kulawa ce, kada mu yi butulci.

Nasaran Ingilishi ya fi shi iya lissafi. Shi bai hau dutse don iska kaɗai ba. Ya sami inda iska take sama, kuza take ƙasa. Tun farkon shekarun 1900 kamfanoninsa suka fara tono, kafin 1914 ta ƙare ƙaramin jirgin ƙasa daga Zariya ya iso tudun, don kada kuzar ta gaji da jira. Sai ga gidaje masu murhun jin ɗumi, ga furanni, ga filin golf a Rayfield, ga masaukin Hill Station inda joji da razdan suke zuwa su huce gajiyar mulkinmu. Mulki fa aiki ne. Mutum ya wuni yana ƙirga kuɗin haraji a Sakkwato, ai ya cancanci ya kwana cikin bargo.

Abin da ya fi burge ni shi ne tsafta. Dokar garuruwa ta 1917, ta zamanin Gwamna Lugga, ta tanadi a bar fili mai faɗin yadi 440 tsakanin unguwar Turawa da ta baƙar fata, ba gini ba bukka. Dalili na likita ne: sauron da ya ciji ɗanmu kada ya ƙarasa ga ɗansu. Kuku da boyi da mai wanki kuwa suna kwana a bayan gidan maigida, domin sauron Jos mai ladabi ne, ya san wanda yake bakin aiki, ba ya bin sa.

Kuma kada wani ya ce an hana talaka shan wannan iska. Ƙarya ne, an ma kai shi kyauta. Da Japan ta ƙwace Malaya a 1942, Ingila ta rasa babbar rijiyar kuzarta ana tsakiyar yaƙi, sai ta tuna da 'yan'uwanta na Arewa. Daga 1942 zuwa 1944 aka yi abin da tsofaffi suke kira ɗiban gwamna: a yanka wa kowane hakimi adadin ƙarti, shi ya yanka wa dagatai, dogari ya bi gida gida. Dubun dubatar manoma, waɗanda da ba su taɓa mafarkin yawon buɗe ido ba, aka ɗebe su daga gonakinsu aka kai su tudun da gwamna da kansa yake zuwa hutu. Wace gwamnati ce a yau take yi wa talaka irin wannan gata?

Gaskiya ne sun iso da 'yar taguwa ɗaya, wasu ko ita babu, an zuba su a bukkokin ciyawa, abinci bai ishe su ba, suna wuni tsaye cikin ruwan sanyi da kwanon ƙasa a ka. Gaskiya ne ciwon haƙarƙari da gudawa sun kwashe ɗaruruwa, wasu da yawa suka gudu cikin dare. To, laifin wa? Iskar da ta gyara hantar razdan ita ce dai ta shiga ƙirjin lebura, ba a canza ta ba. In ɗaya ya koma da kumatu ɗaya bai koma ba, sai a tuhumi jikin da bai saba da ni'ima ba. Masu hassada suna cewa kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Sun manta cewa an biya leburan 'yan sulallansa, har ya sami na biyan haraji.

Yau mai ziyara zai ga tafkuna birjik tsakanin Jos da Bukuru da Barikin Ladi, ruwa kore shar, gefensu tsibin jar ƙasa. Samari suna tsayawa a baki suna ɗaukar hoto da salula, a Rayfield har kwalekwale ake shiga. Duka ramukan kuza ne da aka tafi aka bari a buɗe. Da can gonakin acca ne na Birom, abin da ba ya kyau a hoto. Kamfanoni sun kwashe ƙarfen zuwa Ingila, amma don karamci ba su tafi da ramin ba. Akan sami yaro ko saniya ta faɗa ba ta fito ba. Wannan kuma ba a rubuta shi a takardun tallar yawon buɗe ido, don kada a ɓata wa baƙo rai. Har tarihi suka tono mana: a wurin haƙar kuza aka ci karo da gumakan yumɓu na Nok, aka gina gidan tarihi a Jos a 1952 aka adana su cikin gilashi. Kan yumɓu ya sami lamba da suna da mai gadi. Wanda ya tono shi da diga bai nemi ko ɗaya ba, mutum ne mai kunya.

Saboda haka, 'yan'uwana na Gure, in Allah ya hore kuɗin mota ku je. Ku sha shayi a inuwar itatuwan turare, ku yaba gini, ku ce Nasara ya iya zama, kamar yadda kowa yake faɗi. Kada ku tambayi mai nuna muku gari inda aka binne mutanen ɗiban gwamna, za ku sa shi jin nauyi a banza. Ku dai tafi da rigar sanyi mai kauri da bargo, don har yanzu ba a raba su kyauta a can.