Bahasi a Kan Ɗabi'un Ma'abota Akwatin Sauti

Daga cikin sana'o'in da wannan zamani ya zo da su, waɗanda kakanninmu ba su gani ba ko a mafarki, akwai wadda mutum zai shige ɗaki shi kaɗai, ya turo ƙofa, ya toshe taga da tsohuwar katifa, bayan la'asar ya fito da kiɗan da a da sai an tara makaɗa goma, an ciyar da su, an sallame su, kafin a ji irinsa. Duk wanda ya saba ratsa Titin Gidan Zoo a Kano ya san fiyanon Yamaha ne ya yi renon kiɗan finafinanmu tun yana cikin tsumma. Amma fiyano yana da wani ɗan'uwa da ba kowa ya san shi ba, wato akwatin sauti, ƙarfe shimfiɗaɗɗe, galibi mai faɗin inci 19, wanda aka cika cikinsa da muryoyin ganguna da sarewa da gogen Turawa, aka kuma hana shi maɓallin bugawa ko ɗaya, don haka ba ya cewa uffan sai an umarce shi daga waje. Irinsu ne Proteus na kamfanin E-mu, wanda ya fito a 1989, da Sound Canvas na Roland a 1991, da JV-1080 a 1994, waɗanda bayan sun ci ƙuruciyarsu a Turai da Amurka suke isowa ga samarinmu a matsayin na hannu.

Mas'alar shigar da muryar wannan akwati cikin kwamfuta ba ta wuce wayoyi iri biyu ba. Ta farko ita ce MIDI, ƙa'idar da maƙeran kayan kiɗa na Amurka da Japan suka yi ittifaƙi a kanta a 1983, bisa jagorancin Dave Smith da Ikutaro Kakehashi, mai fil biyar a baki da hanyoyi 16. Misalinta kuwa misalin ɗan aike ne daga fada zuwa gidan Sarkin Makaɗa, yana ɗauke da umarnin a buga kaza, da ƙarfi kaza, a tsaya a wuri kaza, amma babu ganga rataye a kafaɗarsa. Ta biyu ita ce wayar sauti, wadda ke kwaso abin da akwatin ya furta, ta bi da shi ta saunkad zuwa cikin manhaja, Cubase ce ko FL Studio, inda ake naɗe shi. Ilmin ke nan ɗungurungum, bai isa ya cika warƙa guda ba. Sai dai a tsakanin wayoyin nan biyu halayen 'yan Adam suke bayyana filla-filla, kowa da irin tasa jarrabawar.

Na farkonsu, kuma mafi yawansu, shi ne mai jahilci murakkabi, wanda bai sani ba, bai kuma san bai sani ba. Wannan bawan Allah yakan kwana uku yana haɗa kiɗan biki, akwati na rera masa ta lasifika, yana gyaɗa kai, yana kallon layuka sun cika fuskar kwamfuta, bai taɓa kawowa a ransa cewa umarni kaɗai ya adana ba, sautin kuwa iska ta tafi da shi. Sai ya zuba aikin a filashi, ya karya hula, ya nufi gidan ango; a can, da yake babu akwati, kwamfutar mutane ta karanta umarnin da ɗan siririn sautin da Windows ke zuwa da shi, kuma da yake ƙa'idar General MIDI ta 1991 ta keɓe hanya ta goma ga ganguna, shi kuwa a ta uku ya ajiye nasa, sai kowane dukan ganga ya fito da muryar fiyano, ƙwal, ƙwal, ƙwal, a gaban abokan ango. Ba ya zargin kansa daɗai. Abin da zai ce shi ne, "Wallahi, Alhaji, a gida ba haka yake ba," kuma abin takaicin, gaskiya ya faɗa.

Kishiyarsa shi ne mai waswasi, wanda ya sani har sanin ya zame masa ciwo. Ya ji labarin cewa kwamfuta ba ta miƙa sauti sai ta tara shi gutsure-gutsure a wani ma'aji, kuma idan an sa ma'ajin a 512, bisa awon 44,100 a daƙiƙa, sautin zai yi jinkirin kimanin kashi 12 cikin dubu na daƙiƙa. Tun daga ranar barci ya ƙaurace wa idonsa. Ba na cewa damuwarsa ba ta da asali, domin jinkirin gaskiya ne, maganinsa kuma sananne: a naɗi ƙwanƙwasa ɗaya, a auna tazararta da layin awo, a rubuta adadin a gurbin da manhaja ta tanada, a wuce wurin. Amma shi ba zai wuce ba. Zai buɗe hoton sautin har allo ya cika da tudu guda, ya ja shi hagu, ya saurara, ya mayar da shi dama, ya kira maƙwabci shaida. Zai rage ma'ajin zuwa 32 har kwamfuta ta shiga tari tana ƙwarewa. Alhali kuwa sauti a cikin iska mita 343 yake ci a daƙiƙa, wato jinkirin da ya hana shi cin tuwo bai wuce na mai sauraron kalangu daga nisan mita 4 ba, ba mu kuwa taɓa jin an watse daga dandali saboda haka ba. Waƙarsa ta ƙaramar Sallah takan fito bayan layya.

Mai ja ba ya buƙatar dogon sharhi. A aƙidarsa, muddin fitilar awo ba ta yi ja ba, sauti bai shiga ba. Ka gaya masa cewa a kwamfuta sifili ita ce iyaka, abin da ya haura ta datsewa ake yi, kuma naɗin bit 24 ya bar masa fili mai yalwa daga ƙasa, sai ya dube ka da tausayi ya ƙara murɗawa. Kiɗansa a fashe yake fitowa, shi kuwa ƙarfi yake kiransa.

Sai mai farautar gurnani, wanda na fi jin tausayinsa duk cikinsu, domin abokin gabarsa ba ya ganuwa. Da zarar ya haɗa akwati da saunkad, sai wani ƙugi ya taso daga ƙarƙashin kiɗan, ba ya hawa, ba ya sauka, wanda ba komai ba ne face wutar lantarkinmu mai kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, da ta sami hanyar zagayawa saboda an jona akwati a wannan bango, kwamfuta a wancan, kowanne da tasa wayar ƙasa. Da ya tara su a soket ɗaya, ko ya zare cajar kwamfutar ya gani, ko ya sayi 'yar na'urar da ke raba tsakani, da ya huta. Amma shi sai ya fara da sauya wayoyi, ya kashe firji, ya kashe fanka yana naso, ya kori yara daga tsakar gida, daga nan zato ya koma kan wani abokin sana'a da suka yi sa-in-sa bara, har a kai ga turare a kusurwoyin ɗaki. Na ga wanda ya karye fil na uku na filogi, gurnani ya yi tsit, ya ɗaga hannu yana hamdala. Ban so ɓata masa murna ba, amma sai da na gaya masa cewa fil ɗin nan shi ne abin da zai tsaya tsakaninsa da makara ranar da wuta ta zubo a jikin ƙarfen.

Daga nan sai mazhabobi biyu waɗanda saɓaninsu ya ƙi ci ya ƙi cinyewa tun 1999, shekarar da kamfanin Steinberg na Jamus ya buɗe ƙofar sanya kayan kiɗa a cikin manhaja kanta. Ma'abota ƙarfe sun tafi a kan cewa sautin akwati yana da ɗumi da nauyi, na kwamfuta kuwa sanyi ƙalau. Shaihinsu yakan goge JV-1080 ɗinsa da hankici kafin ya kunna, yana jero isnadinsa, daga wane studiyo na Landan ya fito, ta hannun wa ya biyo zuwa kasuwar Alaba, har ya iso gare shi. Ba ya son a tuna masa cewa akwatin nan shi ma kwamfuta ce, ƙarama ma kuwa, wadda dukan muryoyinta na asali suke cikin megabayit 8, kuma Roland da kansu sun fitar da shi a manhaja. Wata rana almajirinsa ya kunna masa na manhajar bisa kuskure, ko ba bisa kuskure ba, Allah Shi ne masani, malam ya lumshe ido ya ce, "Ka ji ko, yaro? Wannan, kwamfuta ba za ta taɓa yinsa ba." Ma'abota manhaja kada su yi saurin dariya, domin na san suna da muryoyi dubbai waɗanda ba su biya sisi a kansu ba, sukan kuma shafe yini suna zaɓen sarewa ɗaya, magariba ta yi ba su zaɓa ba. In fatawata ake nema, fifikon akwati guda ne: ƙarancin abin da ke cikinsa yana tilasta wa mai shi ya gama aiki.

Akwai mai tarawa, wanda ya jera akwatuna bakwai a kanta, fitilunsu na walƙiya, ba a taɓa jin waƙar da ya kammala ba. Na takwas daga Japan ya zo, inda ƙarfin wutarsu 100 ne, tamu kuwa 230, ɗoki ya hana shi neman taransifoma, ya jona, akwatin ya yi ƙara ɗaya tak wadda ba ta cikin jerin muryoyinsa, hayaƙi ya biyo baya. Har yau yana nan a kantar yana cika lissafi. Maƙwabcinsa a hali shi ne mai tawakkali ba riƙon sababi, wanda ya shekara biyar yana gyara muryoyi yana jibgewa a cikin akwati, alhali ɗan batir irin na agogo ne ke riƙe da su, kuma aika kwafinsu zuwa kwamfuta ta hanyar SysEx ba ya cin lokacin shan shayi. Ranar da batirin ya cika, ya ce ƙaddara ce.

Wanda ya cancanci jinjina shi ne mai haƙuri. Ya gane cewa akwati ba a gaggauta shi, dole a naɗe shi a daidai tsawon waƙar, kuma tun da JV-1080 ifek na musamman guda ɗaya gare shi, wanda dukan sassansa 16 suke tarayya a kai, duk mai son kowace murya ta fito da cikakkiyar kwalliyarta sai ya naɗe su ɗaya bayan ɗaya. Waƙar minti 5 mai layi 16 ta zama minti 80 ke nan, in ba a yi kuskure ba, in kuma ba a ɗauke wuta ba. Akan ɗauke kuwa, a layi na goma sha huɗu. Sai ya yi istirja'i, ya fita ya ja janareto, ya jira kwamfuta ta farfaɗo, ya ɗora daga inda aka tsaya. Da ya kammala, mawaƙi ya iso bayan isha'i, ya saurara yana karkaɗa ƙafa, ya ce, "Maigida, kiɗa ya yi, ba magana, sai dai a ɗan ƙara masa sauri kaɗan," wanda fassararsa ita ce a sake naɗe duka goma sha shidan tun daga farko. Ya dubi agogo, ya girgiza galan ɗin fetur, ya ce, "To, Allah Ya kai mu gobe."