Mafarautan Zobe a Bakin Teku

Da sassafe a bakin tekun Bondi na Ostareliya, ko Brighton ta Ingila, za ka ga mutane sun toshe kunnuwa suna kaɗa sanda mai faifai a kan yashi ko tsakuwa, kamar masu shara ba tsintsiya. Na'urar gano ƙarfe ce, kuma suna da hujja: ruwan sanyi yana sa yatsa ya motse, man kariyar rana ya sa shi santsi, zobe ya suɓuce, nauyin zinare ya nutsar da shi. Sai dai na'urar tana da mugunta. Kukan da take yi wa zoben zinare kusan shi take yi wa ɗan marfin gwangwanin lemo, don haka ta fi iya tantance mutane a kan tantance ƙarfe.

Akwai ɗan gaggawa, wanda ya zuba kuɗi ya sayi na'urar Minelab, ya saita ta yadda za ta yi shiru a kan tarkace. Ba ya durƙusawa, ba ya ɓata wando, kuma shi ne yake taka zoben ya wuce, domin ya kashe muryar zinare tare da ta gwangwani. A bayansa tsoho ɗan fansho ke tafe, mai tona duk abin da ya yi ƙara, jakarsa cike da ƙusoshi da marafan kwalba, in ka tambaye shi ya ce ai motsa jiki ya fito. Ƙarya yake, amma shi ke samu. Na Fulorida kuwa addu'arsa daban. Tun da guguwa ta nutsar da jiragen dukiyar Sifaniya a gaɓarsu a 1715, ruwa kan tono sulallansu bayan hadari, saboda haka yayin da maƙwabta ke kafe tagogi da katako, shi batir yake caji yana murmushi. Sai waliyyin bakin teku, mai cigiyar mai zobe har ya same shi. Kirki ne da shi, ba musu, amma ba ya miƙa kayan sai an kunna kyamara, in uwar gida ba ta yi ƙwalla ba a sake ɗauka. Kusa da shi angon kwana uku ne, yana nuna wa kowa "daidai nan" da yatsan da ba komai, alhali ruwa ya matsa tun jiya.

Wani zai ce duk wannan bin bola ne da kayan tsada, kuma cin tsintuwa ne. Zargi na biyun yana da nauyi, shi ya sa dokar Ingila take ɗaukar riƙe abin da za a iya gano mai shi a matsayin sata. Laifin na mai aljihu ne. Na farkon kuwa bai yi adalci ba, don kuskuren bin tarkacen ƙarfe ya girmi 'yan fansho. A 1881 Alexander Graham Bell ya kai irin wannan na'ura don neman harsashi a jikin Shugaba Garfield na Amurka, ta yi ta kuka, ashe har da wayoyin ƙarfen gadon da yake kwance take ji. In wanda ya ƙago tarho ya sha kunya haka, tsohon da ya tono cokali na bakwai yana da damar ya kakkaɓe shi ya sa a jaka.