Mutanen Ƙarƙashin Gadar Na'ibawa

Duk wanda ya shigo Kano ta titin Zariya, Na'ibawa ce ke fara yi masa sannu da zuwa. A nan titin ya haɗu da baifas biyu, na gabas ya nufi Hotoro, na yamma ya tsallaka hanyar Panshekara ya ɓulla Dawanau. Waɗanda suka zana mahaɗar da gadarta burinsu mota ta wuce ba tare da ta taka birki ba. Sai dai ba su yi shawara da mutanen wurin ba, waɗanda abincinsu yake cikin tsayawar mota.

Shugabansu ɗan kamasho. Ba shi da mota, ba kuma tafiya zai yi ba, amma kafin ka gama sauko da ƙafarka daga adaidaita jakarka tana kafaɗarsa. "Alhaji, Kaduna ko Abuja? Saura mutum ɗaya!" Wannan mutum ɗayan tun da aka kafa tasha ake cigiyarsa. Ka leƙa motar Sharon ka ga mutum huɗu sun hakimce, ka biya, ka shige. Sai na kusa da kai ya tuna bai yi salla ba, na gidan gaba ya fita neman ruwan leda, sauran biyun su sulale ko sallama babu. Ka waiwaya ka ga daga kai sai buhun albasa. 'Yan ɗumama kujera ke nan, kuma yanzu haka suna cikin wata motar suna jiran wani Alhajin. In ka ce a ba ka kuɗinka, amsar a shirye take: "Haba Alhaji, ai an sha mai da su."

Ɗan adaidaita kuwa gado ya ci. Gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta kawo babur ɗin ne domin mata su huta da hawa acaɓa, da aka hana acaɓa ɗaukar fasinja a watan Janairun 2013 sai titi ya zama nasa, ya haɗa har da halin marigayin. Sigina a wurinsa sirri ce tsakaninsa da Ubangijinsa. Fasinja na ɗaga yatsa a ɗaya gefen, zai yanko layi uku ya tsaya cak. Ba ka ganin laifinsa sosai in ka san mai babur na jiran balas da dare. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023 ya samu makamin da ke kashe kowane ciniki: "Hajiya, kin san nawa lita yau?" Canji kuwa bai taɓa kwana a aljihunsa ba.

Ƙanensa mai kurkura yana fitowa daga 'Yan Katako da katakon da ya ninka kurkurar tsawo, ya ɗaura jan tsumma a ƙarshensa, shi ke nan ya sauke nauyi.

Akwai wanda cunkoso ne addu'arsa. Yaron da ya saro lemo da ayaba a 'Yan Lemo, in titi ya buɗe ransa a ɓace yake. Allah ya haɗa shi da abokiyar burminsa, fasinjar da ba ta taya kaya sai direba ya sa giya. Ta karɓi ƙullin lemo ta taga, ta matsa ɗaya, ta shinshina, ta ce ai wannan bai nuna ba. Mota ta fara gangarawa, yaro na gudu, faranti a ka, silifa ɗaya ta tsinke, ita kuma sai a lokacin ta fara kwance bakin zani. A ƙarshe ta cillo takardar kuɗi a dunƙule, iska ta kai ta ƙarƙashin tanka.

Direban tirela, shi baifas ɗakin kwanansa ne. In mota ta lalace masa sai ya karyo reshen darbejiya ya jera a kwalta, ya shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin bodi. Ɗan Karota, wanda hukumarsa ta zo a 2012, yana da baiwar ɓacewa: babu wanda ke ganinsa sai wanda ya riga ya yi laifi. Shi kuma mai tsallaka titi tafin hannu kawai yake ɗaga wa motar da ta kwaso gudu tun daga Kwanar Dawaki, ya ci gaba da amsa waya.

Da asuba za ka ga ma'aikatan kamfanonin Sharaɗa da Challawa, kular abinci a hannu, suna lissafin ko su hau mota biyu ko su taka rabin hanya. Wanda ke aiki a majemar fata ba ya rasa sararin zama a mota, kowa matsa masa yake.

Amma ni gwanina shi ne injiniyan benci. Tsohon ma'aikacin masaƙa ne a Bompai, tun lokacin da jiniyar kamfani ke tashin unguwa, da masaƙar ta rufe sai ya koma teburin mai shayi ya buɗe ofis. Aikin titin Abuja zuwa Kano da aka ƙaddamar a 2018, daga kan wannan bencin ya duba shi, ya kuma gano kwaltar ba ta kai kaurin ta zamanin Audu Baƙo ba. Da aka buɗe tashar tsandauri ta Zawaciki a Janairun 2023, ya nemi a nuna masa inda jirgin ruwan zai juya. Layin dogon Kano zuwa Maraɗi kuwa ya riga ya sauya masa hanya da cokalin shayi a kan tebur. A ganinsa gada ba ta kawo arziki, hayaƙin kamfani ne ke kawowa, kuma a nan ba kasafai ake iya kayar da shi ba.

Mai shayi ya ce, "Baba, na jiya da na shekaranjiya fa?" Ya ce a rubuta, zai biya ranar da jirgin Maraɗi ya fara lodi.