A wanke ta kawai, Alhaji

Tsohuwar kwamfutar da aka ɗauko daga titin Beirut na Kano, ta tsallako iyaka zuwa Magariya a bayan mota, ta sha wuya tun kafin a kunna ta. Ga ƙurar hunturu, ga zafin bazara, ga wuta da ake ɗaukewa ana tsaka da aiki. Faifan da ke cikinta yana juyawa sau 5400 ko 7200 a minti ɗaya, allurar karatu na shawagi a samansa. In aka girgiza na'urar, allura ta karci faifan, gurbin nan ya mutu ke nan.

Ranar da Windows ta nemi a yi fomatin, mai gyara ko kai ba ya ɗagawa: "A wanke ta kawai, Alhaji." A wurinsa ciwon kai da karaya maganinsu ɗaya. Gajeren fomatin kuwa jerin sunayen fayil kaɗai yake sharewa, ba ya duba lafiyar gurbi ko ɗaya. Hotunan bikin Hajiya sun tafi, matattun gurabe suna nan daram.

Umarnin chkdsk /r ne ke bin faifan gurbi-gurbi, ya sa wa matattun alama don kada a sake ajiya a kansu. Yana cin sa'o'i, in wuta ta yi kara.

Amma in faifan ya fara ƙas-ƙas, ɗan'uwa, kwashe takardunka zuwa filas yau, ka nemi wani.