Jagora Ga Ɗan Kamashon Caca Mai Aiki Shi Kaɗai

A kowace tashar mota akwai mutumin da ba shi da mota, ba ya tuƙi, ba kuma da shi za a yi tafiyar ba, amma muryarsa ta fi ta kowa: "Saura mutum ɗaya!" Ɗan kamasho ke nan. Mota na cika zai karɓi la'adarsa ya juya ga ta gaba. Ko ta isa lafiya ko ta kwana a daji, wannan tsakanin direba da fasinja ne.

Cacar intanet ma tana da nata ɗan kamashon, kuma a Turai da Amurka sana'a ce mai rajista da haraji. Ba shi da gidan caca, ba ya raba karta. Shafi yake buɗewa ya cika shi da sharhi da jerin "gidajen caca goma da suka fi kowanne", ya dasa mahaɗi a ƙarƙashin kowane suna. Duk wanda ya latsa, ya yi rajista, ya zuba kuɗi, an rubuta shi a littafin mai shafin. Inda ya bambanta da na tasha shi ne, wancan ana sallamarsa da zarar mota ta tashi, shi kuwa wannan la'adarsa tana kauri ne gwargwadon yadda fasinja ya tagayyara a hanya.

Wanda ke wannan aiki shi kaɗai, shi ne manaja, shi ne edita, shi ne akanta, shi ne masinja. Don haka ya kamata a farkon shekara ya kira taron ma'aikata, ya zauna gaban madubi, ya yaba wa sashen rubutu, ya ja kunnen sashen kuɗi, sannan a shiga batun buri.

Tun a 1981 wani Ba'amurke mai suna George Doran ya wallafa maƙala a wata mujallar harkokin gudanarwa, inda ya ce buri na gari sai ya kasance takamaimai, mai aunuwa, mai yiwuwa, mai wa'adi, kuma an san wanda aka ɗora wa. Sharaɗin ƙarshe bai zama matsala ba, tunda ma'aikacin ɗaya ne. Wajen aunawa ne ake son mai shafi ya yi taka-tsantsan. A ce yana kan yarjejeniyar raba riba, wadda gidajen caca suka saba bayar da tsakanin kashi 25 zuwa 50 cikin ɗari na abin da kwastoma ya yi asara. A ce nasa kashi 30 ne, kuma burinsa Yuro 3,000 a wata. Lissafin ɗan firamare ne: sai masu karanta shi sun tafka asarar Yuro 10,000 duk wata. Haƙiƙa ma fiye da haka, domin kafin a raba, gidan caca yana cire kuɗin garaɓasar da ya bayar, da haraji, da wani abu da ake kira kuɗin gudanarwa wanda ba kasafai ake bayyana abin da aka gudanar ba.

Kada ya rubuta burin da wannan lafazi ya manna a bango, musamman in surukai na kawo ziyara. "Ƙarfafa alaƙa da masu karatu" ya fi daɗin ji, kuma adadin bai canza ba.

Sai ya duba yarjejeniyarsa da kyau, ya nemo sakin layin da ke maganar bashi mai tsallaka wata. Ma'anarsa ita ce, in ɗaya daga cikin mutanen da ya kai ya yi sa'a ya ciyo Yuro 20,000, asusun ɗan kamasho zai nutse ƙasa da sifili, kuma a wasu gidajen ba a yafe wannan gibi a ƙarshen wata. Sai sauran masu karatu sun cike ramin da aljihunsu kafin ya sake ganin sisi. Duk marubutan duniya suna yi wa masu karanta su fatan alheri. Shi kaɗai ne gabansa ke faɗuwa in ya ji wani makarancinsa ya dace. Wanda zuciyarsa ba za ta ɗauki wannan ba, sai ya koma tsarin kuɗin kai, a biya shi sau ɗaya kan kowane sabon mutum, ya wanke hannu. Illarsa dai, in mutumin ya zama irin wanda ke sayar da mota don ya rama, gidan caca ne zai ci moriyar shi kaɗai, kuma mai shafi zai yi baƙin ciki iri na biyu wanda ba ya faɗuwa a gaban mutane.

Game da kishiyoyi, gara ya san girmansu tun da wuri. Better Collective, da wasu abokai biyu suka kafa a Denmark a 2004, ya sayi Action Network na Amurka a 2021 kan dala miliyan 240. Kamfanin da ake kira Gambling.com Group ya biya dala miliyan biyu da rabi a 2011 don sunan shafi kawai, babu ko harafi ɗaya na rubutu a cinikin, kuma a 2021 ya shiga kasuwar hannun jari ta Nasdaq. Catena Media yana zaune a Malta, tsibirin da bai kai murabba'in kilomita 320 ba amma ya cika da kamfanonin caca tun da ya fito da dokokin cacar intanet a 2004. Su ma da ɗan ƙaramin ɗaki suka fara, kuma wannan shi ne labarin da mai shafi zai riƙa ba kansa. Abin da ba zai so tunawa ba shi ne sun fara ne lokacin da kasuwar take fili fetal. Yanzu dole ya nemi lungu: wasa ɗaya, ƙasa ɗaya, harshe ɗaya, hanyar biyan kuɗi ɗaya, inda manyan ba su ga abin da ya kai su sunkuya ba.

To, sai inganta rubutu, inda aikin yake.

Matakin farko mai sauƙi ne, sai dai ba a cika yin sa ba: ya shiga gidan cacar da yake yabo. Akasarin sharhin da ke yawo a wannan fage an rubuta shi ne daga takardar tallar kamfanin, shi ya sa kowane gida "amintacce" ne, kowanne "yana biya cikin gaggawa", kuma maki mafi ƙanƙanta da ake bayarwa shi ne tara cikin goma. Jerin goman nan kuwa, wanda ya san gari ya san sau da yawa na ɗaya shi ne wanda ya fi sakin la'ada. In mai shafi yana son ya fita daban, ya zuba kuɗinsa, ya nemi a mayar masa, ya ƙirga kwanakin. Zai ga zubawa ba ta ɗaukar minti ɗaya, cirewa kuwa sai an nemi fasfo, da takardar wutar lantarki, da hotonsa riƙe da fasfon, wani lokaci da wani hoton domin na farkon bai fito da kunnensa ba. Wannan kaɗai ya isa maƙala mai daɗi.

Mataki na biyu ya fi haɗari, domin ya ƙunshi lissafi. Gidan caca zai ce ya ba sabon shiga garaɓasar Yuro 100, sannan a ƙasa, da rubutun da sai an sa tabarau, a ce sai an juya ta sau 35 kafin a cire. Wato sai an yi wasan Yuro 3,500. Injin caca da ke mayar da kashi 96 cikin ɗari yana riƙe 4, kuma kashi 4 na 3,500 shi ne 140. Kyautar ɗari, kuɗin karɓarta ɗari da arba'in, a matsakaicin lissafi. Haka faifan rulet: na Turai yana da gida 37 amma yana biya kamar 36 ne, rarar gidan caca kashi 2.7, na Amurka da aka ƙara wa sifili na biyu, kashi 5.26. Marubucin da ya bayyana wannan dalla-dalla ya yi rubutu mai inganci ƙwarai. Matsalar ita ce makarancin da ya fahimta sosai zai rufe shafin ya je ya sayi buhun shinkafa. Shawarar masana a nan ita ce a yi bayanin, amma a ajiye shi can ƙasa, bayan babban maɓalli mai launin kore.

Akwai kuma iyakar da ba a tsallakewa ko da wata ya yi nisa. A watan Satumba na 2017 hukumar sa ido kan tallace-tallace ta Birtaniya ta tsawata wa Ladbrokes da Sky Vegas da 888 da Casumo saboda wani talla da 'yan kamasho suka yaɗa cikin rigar labarin jarida, na wani magidanci da bashin jinyar matarsa ya yi wa katutu har caca ta fitar da shi. Kamfanonin sun ce ba su suka rubuta ba, hukumar ta ce ai su ke cin moriyar. A wannan watan ne Sky Betting and Gaming ya sanar da rufe shirinsa na 'yan kamasho gaba ɗaya, da wa'adin kusan wata guda. Mutanen da suka ɗauka la'adarsu ta har abada ce sai suka gane cewa abadan a wannan sana'a tana da ranar ƙarewa.

Abin mamaki, gaskiya ma tana da kasuwa a nan. Casinomeister, da Bryan Bailey ya fara a 1998, ya yi suna ne da jerin gidajen cacar da ke cinye haƙƙin mutane. AskGamblers ya shahara da karɓar koken waɗanda aka hana kuɗinsu, kuma a 2016 Catena Media ya saye shi kan Yuro miliyan 15. Ke nan mai shafi yana iya sa gaskiya cikin burinsa na bana da hujjar kasuwanci tsantsa, ba sai ya ji kunyar abokan sana'a ba.

Duk wannan wahala saboda ubangida ɗaya ake yin ta, wato Google, wanda ba ya amsa gaisuwa kuma ba ya faɗin laifin bawa. A 2011 ya fito da sauyin da ake kira Panda, ya share shafukan da rubutunsu ba shi da nama. A 2012 Penguin ya bi waɗanda suka sayi mahaɗai don su hau sama. A watan Janairu na 2020 kamfanin XLMedia, mai ma'aikata da lauyoyi da hannun jari a Landan, ya wayi gari Google ya dannar da ɗimbin shafukansa na caca ƙasa. Daga 2022 aka shiga zamanin neman "rubutu mai amfani", a 2024 kuma Google ya fara ɗora amsarsa ta ƙirƙirarriyar basira a saman shafi, ta yadda mai tambaya zai ƙoshi tun bai latsa kowa ba. Idan abin ya ci kamfani mai hawa-hawa, mai kwamfuta ɗaya a kan teburin cin abinci sai ya shafa wa gemunsa ruwa. Dabarar da ta rage masa ita ce ya tara mutanen da za su dawo don sunansa, ko da Google ya juya baya. Faɗa ya fi yi sauƙi, amma dai yana da kyau a jerin buri.

Doka ma haka take yi. A watan Oktoba na 2006 Shugaba George W. Bush ya sa hannu kan dokar da ta hana bankunan Amurka mu'amala da cacar intanet. Tun da majalisa ta zartar da ita hannun jarin PartyGaming ya zube da fiye da rabi a rana ɗaya, 'yan kamashonsa suka bi shi. A watan Mayu na 2018 Kotun Ƙolin Amurka ta buɗe wa jihohi ƙofar halatta cacar wasanni, aka yi ta rububi. A 2018 ɗin dai Italiya ta haramta tallan caca. Wanda ya hango kasuwar Najeriya, inda Bet9ja da SportyBet da BetKing suka mamaye wayoyin matasa, ya sani cewa a watan Nuwamba na 2024 Kotun Ƙoli ta soke dokar caca ta ƙasa ta 2005, ta ce hurumin jihohi ne. A Legas wannan na nufin lasisi da haraji. A Kano kuwa Hisbah ta riga ta fara garƙame shagunan caca, kuma hukuncin ya ƙara mata ƙarfin gwiwa. Mai shafin da ya sa "shiga kasuwar Arewa" cikin burinsa, ya ware wani abu a kasafin don takalmin gudu.

Saura ƙa'ida ɗaya da tsofaffin hannu ke jaddadawa: kada ɗan kamasho ya yi caca da kansa. Ai ya san kashi 2.7, ya san 140 ta fi 100, ba za a yi masa romon baka ba. Shi mutum ne mai tsari. Kuɗin ajiyarsa ya zuba a shafi, ya ƙara da na sayen mahaɗai, ya jingina duka a kan kamfanin da zai iya korarsa da wasiƙa ɗaya, da injin binciken da ke sauya hali ba sanarwa, da majalisun ƙasashen da bai taɓa takawa ba. Watan jiya bai yi kyau ba, amma yana ji a jikinsa wannan watan zai rama.

Saboda haka a jerin burin bana ya rubuta cewa ba zai duba allon la'adarsa fiye da sau biyu a rana ba. Ƙarfe uku na dare, iyali sun yi barci, shayi ya huce, allon ya nuna mutum 412 sun latsa, 9 sun yi rajista, 1 ya zuba kuɗi. A ƙasan shafinsa akwai 'yar sanarwar nan da doka ta tilasta, mai cewa a yi wasa da hankali, a san lokacin tsayawa. Ya gyara mata waƙafi ɗaya, ya koma allon, ya sake latsawa.