Rububin Madannai a Duniyar Skyrim

Allon madannan kwamfuta irin na Amurka yana da madannai 104, na Turai kuma 105. Wanda bai san harkar wasannin bidiyo ba zai ce ai wannan ya ishi kowa har a bar saura. To bai ga masu wasan Skyrim ba ne. Tun ranar 11 ga Nuwamban 2011 da kamfanin Bethesda ya saki wannan wasa na takubba da dodanni masu aman wuta, 'yan wasa ba su huta da yi masa kwaskwarima ba. Ƙare-ƙaren da suke ƙerawa, waɗanda ake kira mod, dubbai ne jibge a shafin Nexus Mods, kuma cikin masu farin jini akwai na motsin jiki: wannan ya koya wa gwarzon wasan zama a ƙasa, wancan rawa, wani zille wa sara, wani jingina da bango.

Matsalar ita ce motsi da yawa kowanne na neman madanninsa, alhali wasan tuni ya kwashe masu kyau. W, A, S da D na tafiya ne, E na taɓa abu, R na zare makami, Q na jerin kayan da aka fi so, Z na ihun sihiri, T na jira. Ragowar su ake rububi, kamar fulotin bakin titi da dillali ya sayar wa mutum uku, kowa riƙe da takardarsa. A wajen rububin nan ne halin kowa ke fitowa fili.

Na farko a layi shi ne Malam Ba-Ya-Aiki. Mutumin nan zai iya jiran awa guda fayil ya sauka, amma ba zai iya karanta layi biyar na bayanin maƙerin ba. Shekaru da yawa, duk mod ɗin da ya kawo sabon motsi sai an haɗa shi da wata manhaja mai suna FNIS, daga baya Nemesis ta shigo, kuma dole a buɗe manhajar a danna ta sake tsara jerin motsin kafin a shiga wasa. Malam ba ya yi. Sai ya shiga garin Whiterun ya tarar da mutane sun shanya hannuwa dama da hagu, sun sandare a siffar harafin T, suna sulalewa a kan titi ba tare da ɗaga ƙafa ba. Maimakon ya koma bayani, sai ya bi madannai ɗaya bayan ɗaya da yatsa, daga F1 har F12, ko Allah zai sa a dace. A hanya ya taɓa F5, wanda ke adana wasa nan take, ya adana ɓarnar. Ya taɓa F9, wanda ke dawo da abin da aka adana, ɓarnar ta dawo masa sabuwa fil. Saƙon da zai aika wa maƙerin, mutumin da ya ɓata darare yana aikin kyauta, kalma uku ne rak: ba ya aiki. Wane zubin wasan yake da shi, me ya loda, me ya danna, duk wannan sirri ne tsakaninsa da Mahaliccinsa.

Sai Ɗan Gargajiya. Shi ya karanta bayani tsaf, laifinsa kawai ya ɗauki duk madannin da maƙeri ya zaɓa a matsayin hukuncin da ba a ɗaukaka ƙara. In an ce zillewa tana can ƙuryar dama ta allo, nan za ta zauna, ko da sai ya saki linzami ana tsakiyar faɗa ya miƙa hannu. An ba shi wurin sauyawa, domin mod ɗin SkyUI ya zo da shafin saiti inda ake danna suna a danna sabon madanni, shi ke nan, amma a ganinsa taɓa wurin rashin kunya ne. Abin dariyar shi ne gargajiyar da yake karewa ba ta tsufa ba. Tsarin W, A, S, D ya bazu ne bayan Dennis Fong, wanda ake kira Thresh, ya ci gasar wasan Quake a 1997 da shi, har ya tafi gida da motar Ferrari ta John Carmack. A 1998 wasan Half-Life ya fito da tsarin a matsayin na asali, sauran suka bi. Kafin nan kibiyoyi mutane da yawa ke amfani da su.

Yana da abokin gaba na din-din-din, wato ɗan E, S, D, F, wanda ya matsar da hannunsa taki ɗaya zuwa dama domin ƙaramin yatsa ya samu ƙarin madannai. Hujjarsa mai ƙarfi ce, ba a musu. Illarsa ba a gama gaisawa da shi bai kawo zancen ba.

Wanda ya fi kowa ba da nishaɗi shi ne Alhaji Haɗama. Shi ba ya ganin mod ya wuce. Akwai masu loda sama da dubu a wasa ɗaya, kuma Alhaji yana sahun gaba. Tun da maƙera ba shawara suke yi da juna ba, kowa ido yake sa wa 'yan harufan da wasan ya bari, irin su G da H da V, sai ka ga motsi uku sun tare a madanni guda. Shafin saitin yakan yi gargaɗi cewa wannan madanni da mai shi, ko a ci gaba? Alhaji bai taɓa cewa a'a ba. Sakamakon yakan bayyana a mafi munin lokaci: dodo ya sauko yana feshin wuta, Alhaji ya danna G da niyyar tsalle gefe, sai gwarzonsa ya kunna fitilar ƙugu, ya cire hular ƙarfe, ya nemi wuri ya harɗe ƙafa a ƙasa cikin natsuwa. Ba mod kaɗai ke cin iyakar juna ba. Dandalin Steam ya riƙe F12 don ɗaukar hoto, ya riƙe Shift da Tab don nasa shafin. ReShade mai gyara launi yana buɗewa da Home, ENB da Shift da Enter, Open Animation Replacer da Shift da O. Mai katin hoto na Nvidia kuwa ya san wata masifa ta musamman: a Skyrim, Alt ne gudu, Z ne ihu, ita kuma manhajar Nvidia da Alt da Z take buɗe shafinta. Mutum na tsere wa mutuwa, ya buɗe baki zai yi ihun da zai cece shi, sai allo ya rufe da tambayar ko yana son naɗar bidiyo. Windows ma ba ta bar shi ba, don in ya daddanna Shift sau biyar a jere za ta leƙo da ƙara tana tambayar ko a kunna masa Sticky Keys. Duk da haka gobe Alhaji zai ƙara mod goma, ya ce kwamfutar ce ta tsufa.

Injiniya kishiyar Alhaji ne, kuma gaskiya ya cancanci a sara masa. Yana da jadawali mai launi-launi na kowane madanni da mai shi. Shafin saiti na yara ne a wurinsa, fayilolin ini yake buɗewa da hannu, inda ba a rubuta harafi sai lamba. A nan akwai rami. Mod ɗin Skyrim galibi lambobin DirectX suke bi, inda Esc ke 1, W ke 17, A ke 30, dogon madannin tazara ke 57. Windows kuma tana da nata jerin dabam, wanda a cikinsa W ke 87, A ke 65. Wanda ya kwafo 87 daga jerin da ba shi ba, yana zaton ya ɗaura motsi a W, to a F11 ya ɗaura. 65 kuma F7 ce. Injiniya ya haddace duka biyun, kuma yana jin daɗin gyara wa mutane fiye da yadda yake jin daɗin wasan. In madannai sun ƙare masa, sai ya koma manhajar AutoHotkey ya rubuta 'yan umarni, ko ya sayo linzami irin Razer Naga mai madannai 12 a gefen babban yatsa. Ka tambaye shi ina ya kai a labarin wasan, sai ya yi tari. Har yanzu bai hau dutsen da High Hrothgar ke kai ba, gwaji yake yi.

Akwai waɗanda kayan aiki ne suka yi musu hali. Mai laftof ƙarama ba shi da rukunin lambobin dama, alhali maƙera na ƙaunar wurin saboda fili ne da ba kowa. A wasan GTA V ma haka take: Native Trainer da ke zuwa tare da Script Hook V na Alexander Blade da F4 ake buɗe shi, a yi yawo da 8, 2, 4, 6 na wannan rukuni, a zaɓa da 5. Mai laftof zai buɗe jerin ya zuba masa ido, ba gaba ba baya. Shi abin tausayi ne. Wanda ba a tausaya wa shi ne ɗan gayun da ya kashe kuɗi mai yawa ya sayi guntun allo mai walƙiya, wanda aka yanke wa layin F da kibiyoyi da lambobin dama, sannan yake kukan sai ya haɗa yatsa uku kafin ya adana wasa.

Na Faransa da Beljiyam, da wasu da suka sayi kwamfutarsu a Yamai ko Maraɗi ko Damagaram, nasu ciwon dabam ne. Allonsu AZERTY ne, inda A da Q suka yi musanyar wuri, Z da W ma haka, shi ya sa tafiyarsu Z, Q, S, D ce. Lambobin DirectX kuwa wurin madanni suke dubawa, ba harafin da aka zana a kansa ba. Maƙeri a Amurka ya rubuta a danna Q, bawan Allah ya danna abin da idonsa ya nuna masa Q ne, gwarzo ya yi taku ɗaya hagu ya tsaya. In a bakin gaɓar dutse yake, taku ɗayan ya wadatar.

Ba kowa ne ke sauya madannai don iyayi ba. Bahago da ke riƙe linzami da hagu dole ya kwashe komai ya mayar dama, mai hannu ɗaya ko mai ciwon gaɓɓai kuwa, in mod bai ba da damar sauyawa ba, to an rufe masa ƙofa ke nan. Saboda irinsu Microsoft ta fitar da Xbox Adaptive Controller a 2018. Maƙerin da ya kafe madanninsa a cikin manhaja ba hanyar canzawa, shi ne kaɗai a wannan jeri da bai cancanci a yi masa dariya da sassauci ba.

Sai Mai Hoto, wanda bai zo yaƙi ba. An ce ya ceci duniya daga dodo Alduin, shi kuwa ya tara ɗaruruwan salon tsayuwa, ya ɗaura su a madannai, yana bi ɗaya-ɗaya: hannu a ƙugu, takobi a kafaɗa, kallon nesa. Yakan tsayar da abokiyar tafiyarsa Lydia a bakin ruwa rabin awa yana jiran rana ta faɗo daidai. Ya san ƙofar umarni da ke ƙarƙashin Esc, ya san in ya rubuta tfc 1 komai zai daskare kyamara ta yi yawo yadda take so, in ya rubuta tm kuma duk rubutun allo zai ɓace hoto ya fito tas. Abin da sabon shiga ba ya sani shi ne tm har ƙofar umarnin take ɓoyewa. Sai ya ɗauki hotonsa, ya nemi komawa wasa, ya ga ba jeri, ba taswira, ba inda zai ga abin da yake rubutawa. Maganin shi ne ya sake buɗe ƙofar a makance, ya rubuta haruffan nan biyu, ya danna Enter. Da yawa ba su san haka ba, sai su kashe wasan gaba ɗaya, su zauna rubuta wa maƙerin salon tsayuwa cewa mod ɗinsa ya lalata musu kwamfuta.